Wa ya kamata ya mallaki bas ɗin gari? Fashin baƙi kan tarihin sufurin Blackpool

Tun ƙarshen shekarar 2024, lokacin da gwamnatin jam'iyyar Leba ta kai wa majalisar dokokin Birtaniya ƙudurin da zai sake bai wa ƙananan hukumomin Ingila damar kafa kamfanonin bas na kansu, ake ta ja-in-ja a kan tambaya guda: idan majalisar gari ce ta mallaki motocin haya, shin talaka zai samu sauƙi? Masu goyon baya suna cewa da zarar bas ya koma hannun hukuma, kuɗin mota zai sauka kuma unguwannin da aka yi watsi da su za su sake ganin mota. Masu adawa suna cewa hukuma ba ta iya kasuwanci ba, kuɗin haraji kawai za a narkar.

Duk lokacin da aka tayar da wannan magana sai an ambaci Blackpool, wani garin shaƙatawa da ke bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, mai mutane kimanin 141,000. Majalisar garin tana riƙe da sufurinta tun 1892, ba ta taɓa sayarwa ba, alhali kusan duk takwarorinta sun sayar. Sai dai yawancin masu kafa hujja da Blackpool, na wannan ɓangare da na wancan, ba su san yadda aka yi ta kai labari ba.

Taram da majalisar gari: kalmomi biyu da za a yi ta cin karo da su

Taram ƙaramin jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki. Layin dogonsa a kan titi yake ko a gefen titi, yana tsayawa tasha-tasha kamar bas, yana ɗaukar fasinjan cikin gari. Majalisar gari kuwa ita ce ƙaramar hukuma: kansiloli ne zaɓaɓɓu da ke kula da tituna da shara da gidajen marasa galihu da makamantansu. A Birtaniya ta ƙarni na 19 da farkon na 20, majalisun garuruwa sun yi kasuwanci sosai. Su ke sayar wa jama'a ruwan famfo da gas da lantarki, su ke gudanar da taram, daga baya kuma bas. Saboda haka a wancan zamanin ba wanda yake mamakin ganin tambarin gari a jikin motar haya.

Yadda yashi da ruwan gishiri suka kai taram hannun majalisa

Blackpool ba ta da masana'antar kirki, ba ta da babbar tashar jiragen ruwa. Jarinta rairayin bakin teku. Da layin dogo ya iso garin a 1846, sai ma'aikatan masaƙun auduga na Lancashire suka mai da shi wurin hutunsu. Al'adar yankin ita ce kowane gari yana da makonsa a lokacin bazara da ake rufe masaƙu baki ɗaya, sai mutanen garin su kwaso iyalai su cika jiragen ƙasa zuwa teku. Wannan mako mutanen Bolton, wani makon na Oldham, haka har ƙarshen kakar. Jama'ar da ta sauka a tasha kuwa dole a kai ta masauki da wuraren wasa, waɗanda suke jere a tsawon gaɓar teku.

A ranar 29 ga Satumba, 1885 aka buɗe layin taram na farko a titin bakin teku, ɗaya daga cikin layukan taram masu lantarki na farko a duniya. Majalisa ce ta shimfiɗa layin, amma wani kamfani mai zaman kansa ne ya kawo taragwai da wutar, bisa dabarar wani injiniya mai suna Michael Holroyd Smith. Dabarar ita ce a binne ƙarfen da ke ɗauke da wuta cikin wata siririyar kwata tsakanin layukan dogon biyu, taram ya zura hannu ta tsaga ya ɗebo. A cikin gari mai nisa da ruwa da abin ya yi kyau. A bakin teku kuwa, iska ta riƙa cusa yashi cikin tsagar, igiyar ruwa tana watso ruwan gishiri, wuta tana ɗaukewa. Akwai ranakun da sai an ɗaura dawakai su ja taram ɗin da aka yi ta alfahari da cewa ya fi ƙarfin doki.

Da wa'adin hayar kamfanin ya cika a 1892, majalisa ta karɓi aikin da kanta. A 1899 ta haƙura da kwatar nan ta koma wayar sama, duk da ƙorafin masu cewa sanduna da wayoyi za su ɓata kyan gaɓar. Abin lura a nan shi ne ba aƙida ce ta sa majalisar ta shigo ba. Kansilolin wancan lokaci da yawansu 'yan kasuwa ne da masu masaukin baƙi, kuma sun fahimci cewa idan taram ya tsaya, cinikinsu ne ya tsaya.

Wani kamfanin daban ya buɗe layi a 1898 daga Blackpool zuwa Fleetwood, garin masunta da ke arewa. Majalisar Blackpool ta saye shi a 1920 ta haɗe da nata. Wannan haɗin ne ya haifi layin da ake hawa yau, mai tsawon kimanin kilomita 18 daga Starr Gate a kudu zuwa bakin kwale-kwalen fito na Fleetwood. Bas kuwa sai a 1921 majalisar ta fara saka shi a hanya, kuma da farko ɗan rakiyar taram ne kawai.

Mutumin da ya ƙi bin yayi

A farkon shekarun 1930 taram ya fara zama tsohon yayi a Birtaniya. Wani kwamitin gwamnati kan sufuri ya ba da shawarar a riƙa janye shi sannu a hankali. Dalilan ba na banza ba ne. Dokar taram ta 1870 ta ɗora wa mai layi nauyin gyaran titin da ke tsakanin layukan da ɗan gefensu, wato taram yana biyan kuɗin kwaltar da motocin da ke gogayya da shi suke takawa kyauta. Bas ba ya buƙatar layi ko waya, kuma idan an gina sabuwar unguwa, gobe sai ya karkata can.

A 1933 majalisar Blackpool ta ɗauki Walter Luff a matsayin babban manajan sufuri. Maimakon ya fara shirin rufewa, sai ya kawo shirin shekara biyar na sabuntawa. Ya sa aka ƙera masa taragwai sama da ɗari cikin 'yan shekaru, mafi yawansu daga kamfanin English Electric: masu hawa ɗaya da kujeru masu laushi, masu hawa biyu guda 27 da jama'a suka laƙaba wa suna Balloon saboda ƙibarsu, kowanne yana zaunar da mutum kusan 90, da wasu 12 marasa rufi da ake kira Boat don kamanninsu da kwale-kwale. A zamaninsa ne aka koma fentin kore da ruwan madara da aka san garin da shi, aka kuma gina babban garejin Rigby Road.

Ni a ganina nan ne asirin duk labarin yake. Taragwan Luff sun yi ƙarko fiye da tunanin kowa, wasunsu sun yi shekara saba'in da ɗoriya suna aikin yau da kullum. Lokacin da sauran garuruwa suka fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da tsofaffin taragwan katako da suka ruɓe, kuma kuɗin sabuntawa ya gagare su, Blackpool tana zaune da kayan da ba su wuce shekara goma sha biyu ba. Ba ta fuskanci tambayar "a saya ko a rufe" a lokacin da kowa yake amsa ta da rufewa ba.

Ba duk abin da Luff ya taɓa ne ya yi albarka ba. Taragwai 25 da aka kawo a farkon shekarun 1950, masu suna Coronation, sun zo da nauyi da cin wuta da na'urorin da ke yawan lalacewa. Kafin tsakiyar shekarun 1970 an ajiye su, alhali yayyensu na 1934 suna nan suna zirga-zirga.

Me ya sa aka rufe na kowa aka bar na Blackpool?

Landan ta rufe taram ɗinta a 1952, Sheffield a 1960, Glasgow a 1962. Daga nan har zuwa 1992, lokacin da Manchester ta buɗe sabon layinta, Blackpool ce kaɗai garin da taram ke ɗaukar fasinjan yau da kullum a kan titi a duk Birtaniya.

Mutane sukan ɗauka ƙaunar tarihi ce ta jawo haka. Ba haka ba ne, domin ita ma Blackpool ta rufe nata inda lissafi bai fita ba. Layin Lytham Road ya tafi a 1961, na Marton a 1962, na Dickson Road mai zuwa tashar jirgin ƙasa ta arewa a 1963, duk aka mai da su bas. Wanda ya tsira shi ne na bakin teku, kuma dalilinsa a fili yake. Mafi yawan layin yana da filinsa na kansa a gefen titi, ba ya tare wa mota hanya, don haka masu motoci ba su da abin ƙorafi. Sannan babu adadin bas da zai iya kwashe jama'ar da ke cika gaɓar a ranar Asabar ta watan Agusta.

Akwai kuma bikin fitilu. Kowace kaka, daga wajen ƙarshen Agusta, ana ƙawata kilomitoci na titin bakin teku da fitilu masu launi, dabarar da garin ya ɓullo da ita don tsawaita kakar baƙi bayan sauran garuruwan teku sun rufe shaguna. Hanya mafi daɗi ta kallon fitilun ita ce a cikin taram, har majalisa ta gyara wasu tsofaffin taragwai ta ba su siffar jirgin ruwa da jirgin ƙasa ta lulluɓe su da ƙwayayen fitila. A nan taram ya tashi daga abin hawa kawai ya zama wani ɓangare na hajar da garin ke sayarwa.

Cinikin bazara shi ke ciyar da hunturu. Sashen sufurin yakan ɗauki kwandastoci na wucin gadi a lokacin baƙi, ya tara kuɗi, sannan ya yi amfani da su wajen riƙe zirga-zirga a watannin sanyi, lokacin da fasinjan ba su wuce mazauna gari masu zuwa aiki da kasuwa ba. Da turawan Ingila suka gano hutun Sifaniya mai arha a jirgin sama daga shekarun 1960, kuma masaƙun Lancashire suka yi ta rufewa, wannan lissafi ya fara tangal-tangal. An rufe babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari a 1964, babbar hanyar mota ta M55 ta iso a 1975, baƙo ya koma zuwa da motarsa da safe ya tafi da dare. Don rage kashe kuɗi, a shekarun 1970 aka sake ƙera wasu tsofaffin taragwai yadda direba shi kaɗai zai tuƙa ya kuma karɓi kuɗi.

Dokar 1985, inda aka fi yi wa labarin gurguwar fahimta

Gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa Dokar Sufuri ta 1985, wadda ta fara aiki a ranar 26 ga Oktoba, 1986. Dokar ta sakar wa kasuwar bas mara a ko'ina ban da Landan: duk mai lasisi yana iya yin rajistar hanya ya fara ɗaukar fasinja, ya sa farashin da ya ga dama. Aikin majalisa ya koma biyan kuɗin hanyoyin da ba riba amma jama'a na buƙata, kamar motar dare ko ta ƙauye, ta hanyar ba da kwangila ga wanda ya fi sauƙin farashi.

Dokar ba ta tilasta wa majalisu sayar da motocinsu ba. Abin da ta tilasta shi ne a cire sashen sufuri daga ofishin majalisa a mai da shi kamfani mai cin gashin kansa, da daraktocinsa da asusunsa. Haka aka haifi Blackpool Transport Services a 1986. Majalisa ce ke da dukan hannun jarin, amma ba ta da ikon zuba masa kuɗin haraji yadda ta so, kuma ba ta da ikon hana wani kamfani shigowa garin ya yi gogayya da shi. Ba a daɗe ba kuwa aka fara. Kamfanin Fylde, na majalisar maƙwabta da ke Lytham St Annes, ya shigo hanyoyin Blackpool, ita kuma ta sayo tsofaffin bas-bas na Landan masu kwandasta don su fi saurin lodi, ta ƙaro ƙananan bas masu shiga lungu. Rigimar ba ta ƙare ba sai a 1994 da Blackpool ta saye Fylde ɗin ɗungurungum.

Sauran garuruwan bakin teku kuwa ɗaya bayan ɗaya suka saki. Southend da Brighton sun sayar a 1993, Great Yarmouth a 1996, Bournemouth a 2005. Eastbourne, wadda ta fara gudanar da bas na majalisa tun 1903 kafin kusan kowa a duniya, ta miƙa nata ga kamfanin bas mai zaman kansa Stagecoach a 2008. Majalisun suna cikin matsin kuɗi, manyan kamfanoni suna tayin miliyoyi, motocin kuma sun tsufa. Yau kamfanonin bas na majalisa da suka rage a Birtaniya ba su da yawa: akwai na Nottingham da Reading da Ipswich da Warrington da Cardiff da Newport da Edinburgh, sai Blackpool. A 2017 ma wata doka ta haramta wa majalisun Ingila kafa sabo, kuma wannan haramcin ne ƙudurin 2024 ya zo ɗagewa.

Wa ya biya kuɗin ceto layin?

A farkon shekarun 2000 layin taram ya kai gargara. Dogon ya cinye, wasu sassa sai a hankali ake bi, taragwan 1934 masu matakala kuma ba za su cika sharuɗɗan dokar da ta wajabta sauƙaƙa wa masu keken guragu shiga ba. Kamfanin ba shi da kuɗin gyara, majalisa ma ba ta da shi. A 2008 gwamnatin tsakiya ta amince ta sa hannu. Aikin ya ci kusan fam miliyan 100, kaso mafi tsoka daga Landan, sauran daga majalisar Blackpool da ta gundumar Lancashire, wadda ɓangaren Fleetwood ke ƙarƙashinta. Aka sake shimfiɗa layi, aka ɗaga dakalin tashoshi, aka gina sabon gareji a Starr Gate, aka sayo taram 16 ƙirar Flexity 2 daga kamfanin Bombardier, kowanne tsawonsa ya haura mita 30 yana ɗaukar mutum sama da 200. A Afrilun 2012 suka fara aiki. A Yunin 2024 kuma, bayan jinkirin shekaru, aka buɗe ɗan reshe zuwa tashar jirgin ƙasa ta Blackpool North, wato aka mayar da haɗin da aka yanke a 1963.

Duk mai kafa hujja da Blackpool ya kamata ya riƙe wannan. Mallakar majalisa ta hana a rufe layin, amma ba ita ta sabunta shi ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu son mallakar majalisa suna da gaskiya a wuri guda babba: ribar da kamfanin ya samu ba ta fita daga garin. Ko dai a sayi sababbin motoci da ita, ko a ba majalisa rabonta ta yi wa jama'a aiki. Suna kuma nuna Bournemouth, inda tsohon kamfanin majalisa mai motoci ruwan ɗorawa ya yi ta sauya hannu bayan an sayar da shi har ya durƙushe a Agustan 2022, ya bar gari yana neman wanda zai kwashi fasinja cikin 'yan kwanaki.

Masu adawa su ma ba su rasa abin nunawa ba. Kamfanin Halton na majalisa ne, amma ya karye a Janairun 2020. Idan kamfanin majalisa ya yi asara, mai biyan haraji ne a ƙarshe zai ji a jikinsa. Kuma kafa sabo a yau ba kamar gadon tsoho ba ne: sai an sayi fili da gareji da motoci, an ɗauki direbobi a lokacin da ake ƙarancinsu, sannan a shiga kasuwar da wani ya riga ya kama.

Akwai hanya ta uku da ake yawan rikitawa da mallaka. A yankin Manchester, daga Satumban 2023 zuwa Janairun 2025, hukumar yankin ta karɓi ikon zana hanyoyi da sa farashi da jadawali, amma kamfanoni masu zaman kansu ne ke tuƙa motocin bisa kwangila, kamar yadda ake yi a Landan. Can hukuma tana da iko a kan kasuwar ba tare da ta zama mai kamfani ba. A Blackpool akasin haka ne: majalisa tana da kamfani, amma ba ta da iko a kan kasuwar. Mutum biyu za su iya kwana suna gardama a kan "mayar da bas hannun jama'a" alhali kowanne abin da yake nufi daban.

Abin da fasinja zai gani a ƙasa

Blackpool na cikin garuruwan da alƙaluman gwamnati ke sawa a sahun gaba wajen talauci a Ingila, kuma gidaje da yawa a tsakiyar garin ba su da mota. Ga mai shara a otal ko mai kula da tsofaffi da ke fita tun duku-duku, abin da ya dame shi shi ne motar farko ta zo a kan lokaci kuma kada a soke ta dare. Kamfanin gari ya fi kamfanin nesa jinkirin soke hanya mai ƙaramar riba, amma shi ma yana sokewa idan asara ta yi yawa. Farashi kuwa a 'yan shekarun nan ba mai kamfani ne ya fi tasiri a kansa ba: gwamnatin tsakiya ce ta ƙayyade kuɗin tafiya ɗaya a bas a fam 2 daga Janairun 2023, ta ɗaga zuwa fam 3 daga Janairun 2025, tana biyan kamfanoni cikon.

Ko katin hawa kyauta na tsofaffi yana nuna iyakar abin. Dokar ƙasa ta ba dattawan Ingila damar hawa bas kyauta a wajen lokutan cunkoso, amma ba ta haɗa da taram ba. Majalisar Blackpool ta ɗauki nauyin hakan na wani lokaci, har kuɗin ya yi mata yawa saboda dubban dattawan da ke zuwa hutu, a 2014 ta taƙaita shi ga mazauna garin. Tsohuwar da ta zo daga Bolton ta hau bas kyauta, amma idan ta tsallaka titi ta hau taram na kamfani ɗaya, sai ta biya.

Inda mallakar take bayyana sosai shi ne ranar da aka ɓata wa jama'a rai. A Disambar 2024 kamfanin ya sanar da dakatar da tsofaffin taragwan tarihi, irin su Balloon da Boat, waɗanda tun 2012 ake fito da su don yawon buɗe ido, yana mai kafa hujja da batun tsaro da wahalar tafiyar da su tare da sababbi a layi ɗaya. Gari ya ɗauki zafi, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke. Ba su aika ta wani ofishi mai nisa ba. Kansilolinsu suka tasa a gaba, domin kowa a Blackpool ya san majalisa ce mai kamfanin, kuma cikin 'yan kwanaki shugabannin majalisar da na kamfanin suka fito suna ba da tabbacin cewa taragwan ba su tafi ke nan ba.